Sabon Idon Hulusi

A ƙauyenmu na kan tudu, can bayan garin Ayanjik, in ka ce "mai alade" ba zagi ka yi ba, Hulusi kake nufi. Tun yana saurayi yana aikin saran katako a gandun daji, shi ne mai hawa rumfar gadi a bakin gonakin masara in kaka ta gabato, ya zauna jiran aladen daji. Ba ya cin namansu, ko taɓa su da hannu ba ya yi. Shi dai ya harbe, a zarga igiya a ja mushen zuwa kwazazzabo. Samari duk sun tsere Istanbul sun bar tsofaffi da masara, su kuwa aladun haihuwa suke kamar an aiko su. Don haka har ya haura sittin, kowa ido ya zuba masa.

To, idon ne ya fara cin amanarsa. Da rana garau yake gani, har zare yana zura wa matarsa Nazire a allura. Amma da zarar rana ta faɗa bayan dutse, a ɗan tsakanin nan na almuru da aladu ke fitowa, sai komai ya koma masa baƙin dunƙule. Kututture da alade da mutum duk ɗaya. Bai faɗa wa kowa ba.

Da kututture ne kawai da sauƙi. Matsalar Rifat ce, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun na ƙuruciya, wanda gonarsa ke daidai ƙarƙashin rumfar. Ƙa'idar garin sananniya ce: in maharbi ya hau rumfa, ba mai shiga gona sai ya sauko ya yi kira. Rifat kuwa ba ya jin ƙa'ida, ba ya jin kira, don kunnensa ya daɗe da tafiya. Ga taurin kai, ga baya ya ranƙwafa, ga wata baƙar rigar ulu da ba ya rabuwa da ita tun rasuwar matarsa. Mutum ne da in ya tuna da masararsa, ko yana tsakiyar shan miya sai ya ajiye cokali ya fita.

Wata magariba Hulusi ya ɗora bindiga a kan wani baƙin abu da ke motsi a gefen gona. Yatsarsa na kan kunama, har ya fara matsawa, sai abin ya yi tari. Tari irin na mai shan taba, wanda ya sani tun shekaru aru-aru. A ranar bai iya cin abinci ba. Tun daga nan tsoro ya tare a ƙirjinsa, ya kwana da shi ya tashi da shi: wata rana da hannunsa zai kashe Rifat.

Ranar kasuwa ya naɗe bindigar a bargo ya shiga motar gari, ya nufi shagon Nejdet mai gyaran bindigogi, wanda ake ce wa Usta, wato gwanin sana'a. Ya ce madubin hangen nesa yake so a ɗaura masa, kuma a ba shi wanda ya fi kowanne jawo abu kusa.

Nejdet ya tura masa kofin shayi yana dariya, ya kira shi Amja, wato baffa. "Hulusi Amja, ƙwarƙwatar aladen za ka ƙirga? Ba jawowa kake nema ba, haske kake nema." Ya ɗauko wani mai faɗin baki ya juya masa gabansa. "Dubi girman gilashin nan. Shi ke tattara ɗan hasken da ya rage bayan faɗuwar rana ya zuba maka a ido."

"Wannan zoben fa, Usta?"

"Shi ke ƙara girman abu. Amma ka bar shi a ƙasa. In ka murɗa shi sama aladen zai cika maka ido, sai dai duniya za ta tsuke, ka zama kamar mai leƙe ta ramin makulli."

Hulusi ya gyaɗa kai, amma rabin maganar kawai ya shige shi. Shi abu ɗaya ke ransa, ya ga abin da zai harba ƙuru-ƙuru, ya san ƙafa huɗu gare shi ba biyu ba.

Nejdet ya sa shi ya sanya rigar sanyin da yake hawa rumfa da ita, ya rufe ido, ya kai bindiga kafaɗa, sannan ya buɗe. Suka yi ta haka yana matsar da madubin gaba da baya, har baƙin da'irar da ke zagaye gefen ya ɓace. Ya ce in ya matso kusa da yawa, ranar da bindiga ta yi tutsu madubin zai sare masa gira. Ya ɗaure notunan, ya ce sauran saiti kuma sai a gida.

A bayan gida Hulusi ya jingina wani tsohon ƙyaure da gangaren ƙasa, ya zana baƙin ɗigo da gawayi, ya ɗora bindiga a kan buhun dusa. Harsasan farko suka tafi sama ta hagu. Ya murɗa maɓallan saiti, ashe a baibai ya murɗa, suka ƙara nisa. Nazire na tsaye a bakin ƙofa da kwanon kwaɓin burodin masara.

"Sannu, ranka ya daɗe Hulusi Efendi. Shekara da shekaru kana harbin alade da idon da Allah ya ba ka, yau ka sayo ido ka kasa samun ƙyaure."

"Ke dai ki kula da burodinki."

"Ina kula. Kai ma ka kula da kajina."

Bai yi dariya ba, kuma ta lura. Ya dinga murɗawa kaɗan-kaɗan yana harbi har ramukan suka taru a kan ɗigon. Da rana ta faɗi ya sake gwadawa, don a wannan lokacin ne zai yi aiki da shi. Ya leƙa madubin. Ga ƙyauren tarwai, har kan kusoshin yana gani, alhali in ya ɗago kai ko inuwarsa ba ya rarrabewa. Wani sanyi ya ratsa shi, ya ce a ransa watakila Allah ya kawo ƙarshen abin.

Duk da haka, ranar da zai koma rumfa sai da ya biya ta gidan Rifat, ya kama kafaɗarsa ya kai baki kunnensa.

"Yau zan hau. Kada ka shiga gona. Ka ji ni, tsohon banza?"

"Na ji, na ji. Kai ka ɗauke ni kurma ne? Sun huda mini shinge ta wajen rafi, ka kula da nan."

"Ka bar shingen sai da safe."

Rifat ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Daga kan rumfa Hulusi na hango hayaƙi na fita ta bututun gidan Rifat. Ya riƙa kallonsa yana kwantar wa kansa hankali, ai mai dafa abinci yana gida. Aka kira magariba a masallacin ƙasa. Hazo ya fara tasowa daga rafi, hayaƙin ya narke a cikinsa.

Sai ya ji ƙaras-ƙaras ta wajen shinge. Ya kai ido ga madubi. Ga gona, ga layin shinge, ga wani baƙin abu yana kutsawa tsakanin karan masara. Alade ne, ya kusa rantsewa. Amma ai rannan ma ya kusa rantsewa. Ya ce a ransa a'a, sai na tabbatar. Ya kai yatsu ga zoben ya murɗa, ya ƙara murɗawa har ya tsaya. Gonar ta ɓace, shingen ya ɓace. Saura kai guda ya cika gilashin, da tsayayyen gashi, da farin haure. Ba shakka ko ƙanƙani. Ya gangara da gicciyen zaren saiti da ke cikin madubin zuwa bayan kafaɗa, ya ja kunama.

Aladen ya yi wata ƙara ya yi shiru. Hulusi ya ɗago kai, duhu ya rufe masa ido ruf. A lokacin ne ya tuna bai ga abin da ke bayan aladen ba.

Yadda ya sauko daga rumfar shi ma bai sani ba. Ya kunna tocila ya faɗa cikin masara, ganye na yankar fuskarsa, yana kiran Rifat. Shiru. To ko yana nan lafiya lau ai ba zai amsa ba, wannan shi ne abin haushin. Ya yi tuntuɓe da aladen, ƙato, a kwance, harsashin ya shiga ta nan ya fita ta can. Ya ɗaga tocilar ya bi hanyar da ya fita.

Rifat na tsugune a gindin shinge cikin baƙar rigarsa, da waya da filaya a hannu. Iska daga gona take busowa, shi ya sa aladen bai shaƙi warinsa ba. A jikin dirkar da yake ɗaure wa waya, ɗani ɗaya sama da hularsa, itacen ya tsage fari fat.

Rifat ya kare ido da hannu. "Kai ne? Na ji wani ƙum, sai wani abu ya fallatso mini a wuya, na ce ƙwaro ne." Sai ya hango mushen. Ya miƙe da ƙyar, bakinsa har kunne, ya zagaya shi yana taɓa shi da takalmi. "Masha Allah. Harbi ɗaya, a cikin wannan duhun. Wallahi sabon idon nan naka ya yi, da shi ko ɓera ba zai kuɓuce maka ba."

Hulusi ya sake haska tsagewar dirkar. Sai ya zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Rifat ya dafa kafaɗarsa. "Gajiya ce, tsufa ya kama ka. Tashi mu je ka sha shayi. Gobe ma ka hau, akwai uwarsu da 'ya'yan. Ni kuma sai in zo in ƙarasa shingen, tunda yanzu kana gani."