Falle Biyu a Motar Suruki

Duk direban tirela da ke bin hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi ya san Labbo mai walda, kuma da wuya ka sami wanda bai sha faɗansa ba. Gajere ne, hannuwansa duk tabon tartsatsi, garejinsa na bakin titi a gindin wata tsohuwar bedi. Shekara talatin da 'yan kai aikinsa guda: gyaran shasi, dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da bodi tun daga wuya har wutsiya. Kayan bincikensa ma abin dariya ne, kwalbar kananzir da tsumma da guntun alli. Zai jiƙa ƙarfe da kananzir, ya goge, ya shafa alli. In akwai tsaga, ko da siririyar gashi ce, kananzir ɗin da ya maƙale a ciki zai fito ya zana ta a kan farin.

Abin da Labbo ya tsana a duniya shi ne ƙarin falle. Direbobi na son a ƙara wa sifirin fallen ƙarfe ɗaya ko biyu don mota ta tsaya ƙyam komai nauyin da aka jibga mata, dillalai su gani su ce ga mota. Labbo kuwa sai ya hau su da masifa.

"Sifirin don ya lanƙwasa aka yi shi, kai! In ka sandare shi, wa zai sha dukan rami? Shasi. Ran da ta gaji ta ɓalle maka a wuya, ka zo ka ba ni labari, in kana da rai."

Haka yake yi wa kowa, har masu furfura. Mutum ɗaya ne tak bakin Labbo ke mutuwa a gabansa: Sodangi, mijin 'yarsa ta fari, Mubaraka. Shekara goma sha ɗaya da auren, Labbo bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. In sun haɗu, Sodangi ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Labbo ya kalli gefe, a gaisa a rabu. "Yaron nan" ake ce masa, yaro mai 'ya'ya huɗu.

To, sai Sodangi ya samu tsohuwar tirela tasa ta kansa, yana ɗaukar shanu daga kara, kasuwar dabbobi ta Shinkafi, zuwa Kudu. Ya so ƙarin falle. Da yake ba zai iya tunkarar surukinsa ba, ya faɗa wa Mubaraka, ita ta faɗa wa uwarta Mero, Mero ta kawo maganar da tuwon dare.

"Ka san ba na yi," in ji Labbo.

"Roƙonshi na farko ke nan tun da ya shigo gidan ga. Sai ka kunyata shi?"

Labbo ya yi. Da hannunsa ya ƙara falle biyu a kowane gefe, yana ɗaure kusoshi zuciyarsa na suya.

Wata huɗu bayan haka, wata Talata, motar ta tsaya gaban garejin ana ba taya iska. Idon Labbo ya kai wuyan bodi, dab da tantebur, farantin ƙarfen da bodi ke hawa kan mota. Ya ga wani siririn jan layi na tsatsa ya gangaro. Alamar tsaga ke nan. Da wani direban ne, da tuni ya fizge makulli. Amma ga Sodangi durƙushe, takalmi a gefe. Kuma in ya yi magana, aikin wa zai tona? Nasa.

"A dai riƙa lallaɓawa," ya ce, yana kallon bedi.

"To, Baba."

Shi ke nan maganar. Motar ta yi Kudu da shanu, Labbo ya shiga uku. Abinci ya ƙi ciyuwa. In waya ta yi ƙara a aljihunsa sai ya ɗauka mugun labari ne kafin ya ciro ta. Ya ƙona yatsa da walda, abin da rabonsa da shi tun yana koyo. Jikokinsa suka zo gaishe shi, ya kasa kallon fuskar ƙaramar. Allah Ya sa motar ta dawo lafiya, amma bai samu sauƙi ba, don ya san tsaga ba ta komawa baya. Ran Alhamis ta gaba, ranar kasuwar Shinkafi, da hantsi ya ji Mero na cewa yaron nan ya wuce lodi tun asuba.

Ya tsaya da butar alwala a hannu. Ya tuna hanyar, ramukan nan da ke bayan gada, da dajin da ko taya ta fashe direba ba ya yarda ya tsaya. Ya tuna masu rakiyar shanu da ke zama can saman bodi, ƙafafu na reto. Ya ajiye butar.

"Ina za ka?" Mero ta tambaya.

"Shinkafi."

"Ikon Allah! Mi ya faru?"

Ya zari hularsa. Ya cusa kwalba da alli a aljihu, ya hau acaɓa. Duk ramin da babur ya faɗa, a wuyan motar can yake jin sa.

Ya iske kara ta cika, kukan shanu da ihun dillalai. An ja motar bakin tudun lodi, bijimai goma sha takwas sun shiga, ana kokawa da na sha tara. Sodangi na hango shi ya fara laluben takalmi zai tuɓe. Labbo ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya kutsa ƙarƙashin wuyan bodi, fitsarin shanu na ɗiga masa a hula. Ya jiƙa, ya goge, ya shafa alli. Bai gama addu'ar da ya fara ba layin ya fito, baƙi, tun daga saman ƙarfen har kusan ƙasa.

Labbo ya fito daga ƙarƙashin motar. Dillalai sun taru, masu shanu sun taru. Sodangi na durƙushe, kai a ƙasa. Labbo ya buɗe baki.

"Sodangi!"

Mutumin ya ɗago a razane. Bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba.

"Sauke su. Duka. Wagga mota ba ta barin nan da kaya."

Wani dillali ya taso da hayaniya, wai an gama magana, wai ai kowa ya san aikin Labbo ne a jikin motar, mi zai same ta?

"Aikina ne, shi ya sa," in ji Labbo, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ni na ƙara mata falle. Abin da nake zagin mutane a kai, ni na yi shi. Ku sauke."

Aka sauke. Wata motar ta kwashi lodin, Sodangi na kallo. Suka kamo hanyar Kaura fanko, a hankali, tafiyar awa ɗaya da rabi ta ci musu awa huɗu. Labbo na gidan gaba kusa da surukinsa, karo na farko a rayuwarsu, kunnensa na baya, wajen wuyan bodi.

A gareji aka raba kan motar da bodi, aka kankare tsatsa. Labbo ya ɗora hannu a kan abin da ya rage bai tsage ba. Faɗin yatsa uku. Shi ke riƙe da bijimai, da masu rakiya, da uban jikokinsa.

Sodangi ya daɗe yana kallon wurin. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, da ka yi shiru..."

Labbo ya dube shi ido cikin ido.

"Ai na yi," ya ce. "Kwana tara."

Ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashin motar, ya fara kwance fallayen da kansa.