Tohon da Na Sare a Gonar Kaka

Ran Asabar da ta wuce, a unguwar Château Rouge ta birnin Paris, wani Alhaji mai shagon kayan miya ya kwance buhu, sai ga ƴaƴan gawo busassu, jajaye, a murɗe. Wai masu magani ke nema. Na ɗauki ɗaya na shinshina, nan take na gan ni a gonar kakana na wajen uwa, awaki na rububinsu a gindin itace.

Tsohon nan bai taɓa share gona ƙal ba. In bazara ta yi ana sassabe, sai ya bi kututture ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, ya datse sauran, ya ɗaura wa zaɓaɓɓen tsumma don a san da mai shi. Gawo ya fi so. Ka san halin gawo: da damina, kowane itace na fariya da ganye, shi zubar da nasa yake, ya bar wa hatsi rana da taki. Rani na yi kuma ya koma kore shar, dabbobi su samu inuwa. Kaka kan ce, "Itace mai kunya ke nan."

Ni kuwa an sa ni lakwal, wato makarantar boko, kaina ya kumbura. Malaminmu, da muke kira Mushe, ya nuna mana hoton gonar Turawa, fili fetal, ya ce gona mai kututture gonar jahili ce. Ina ɗan shekara goma sha biyu, ranar da zazzaɓi ya kwantar da Kaka, na ɗauki gatari na bi tohon nan na sare tas, har da masu tsumma. Wallahi yabo nake jira.

Da ya warke ya je ya gani, bai buge ni ba. Da ma ya buge ni. Tsummokaran ya bi yana tsincewa, sannan ya ce, "Ɗan boko, ka buɗe wa iska ƙofa. Sai ka koyo yadda ake rufewa."

Daminar nan sau uku muka yi shuka. Hatsi na tsirowa, iska ta kwaso rairayi ta binne shi. Har Kaka ya rasu gonar ba ta sake cika rumbu ba.

Yanzu a birnin Lyon na Faransa nake, ina bincike kan ƙasa da ruwan sama. Taron canjin yanayi ne ya kai ni Paris. A can wani masani ya haska hoton wani tsoho yana gyaran toho, ya raɗa wa abin dogon suna da Faransanci, aka yi ta tafi. Ba wanda ya tambayi sunan tsohon. Waɗanda suka ce mu sare, jikokinsu ne yau ke koya mana mu bari, alhali hayaƙin da ya rikita damina ba daga murhun kakata ya tashi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na yi tafi, tunda da wannan nake cin tuwo.

Daga shagon Alhaji na kira kawuna. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce, "Kawu, bana ku bar toho, kar a sare."

Ya yi dariya marar daɗi. "Wane toho, ɗana? Kututturan ma an tone an hura wuta. Rairayi ya kai bakin kushewar tsoho. Kai da ka yi karatun ƙasa, zo ka rufe ƙofar."

Alhaji ya ce in tafi da ɗan gawon. A jirgin Lyon na yi ta juya shi a hannu, ƙwayoyin irin na kaɗawa a ciki. Shekara ashirin ina karatu, har yau ba a zo darasin rufe ƙofar nan ba.