Motar da Inna Za Ta Yi Sallah a Tsaye

Ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashin motarmu. Tun da aka rushe mana gida a unguwar Nakkasa ta Makka muke zaune cikin mota. Yaya ƙaramar mota ya so, wadda za ta ɓuya a lungu. Ni na nace sai babbar bas, don Inna ta riƙa sallah a tsaye. Ashe da irinta ake satar shigo da mahajjata, ga Inna ba igama, takardar izinin zama.

Ɗan sandan ya leƙo ya ga tukwane, ga Inna a ruku'u. Ya tafi da Yaya. Na kasa zaune, na kasa tsaye.

Da la'asar Yaya ya dawo. "Ke, bar kukan. Cewa suka yi mu matsa unguwar Mansur, ba mai taɓa Inna."