Yadda Jumare Ya Zama Marini

Jumare makiyayi ne, ɗan makiyaya, a dajin Fakku ta ƙasar Kebbe. A shekarar da annobar shanu da ake kira sannu ta ratsa ƙasar nan, kafin zuwan Turawa, garkensa ya ƙare ƙaf. 'Yan'uwan matarsa Bara'atu suka zo suka tafi da ita da 'ya'yanta, suka ce za su riƙe su har ranar da ya sami abin ciyar da su.

Ya haura shekara arba'in lokacin da ya taka zuwa Tambuwal, ya tsaya a marinar wani mai suna Ɗangiwa. Bai ce a koya masa ba. Ya dai ɗauki tulu ya shiga jido wa marina ruwa, kullum, har Ɗangiwa ya gane abin da ke ransa, ya miƙa masa muciyar juya karofi, wato ramin da ake rini a ciki.

A rugar da Jumare ya tashi, babba ba ya bayyana rashin sani ko bukata. Kallo yake yi har ya iya. Saboda haka da aka ce ya haɗa karofi da kansa, bai tambayi yawan tokar da ake sa wa baba, wato ganyen rini, ba. Ya zuba yadda ya ga dama. Ruwan bai nuna ba, zane ya fito fari-fari.

Ɗangiwa ya ɗaga zanen yana dariya. "Malam Jumare, wanga rini ne ko wanki? Mi ya hana ka tambaya?"

"Kunya nika ji, maigida."

"Kunya? Karofi ba surukinka ba ne! Ka kashe man baba, ka tsaya kana sunne kai. Daga yau duk abin da ba ka sani ba, buɗa baki."

Wannan ya fi masa wuya bisa ga juya muciya, amma ya daure. Ya tambayi yara, ya tambayi manya, har aka gaji da shi. Ya iya gane ruwan da ya nuna ta kumfarsa da warinsa. Hannunsa ya yi baƙi har gwiwa.

Sai dai a Tambuwal karofi gado ne, kowane rami da mai shi, kuma baƙo ba ya samun gurbi. Ɗangiwa ya gaya masa cewa a Kebbe akwai wata tsohuwa, Kulu, wadda mijinta marini ya rasu bai bar magaji ba, ramukansa sun cike da ƙasa.

Jumare ya je ya yi sallama, ya durƙusa a zaure. "Inna, aron karofi nika roƙo. Iyalina na hannun mutane."

"Bafillace da rini?" in ji ta. "Nuna man hannunka." Ta duba, ta juya tafin. "To, ga su can. In ka ɓata sunan mai su, ni da kai ne."

Ya yashe rami guda, ya liƙe tsagarsa, ya haɗa ruwa. Kulu ta ba shi zanenta na gwaji, ya rina, ta yafa zanen ranar kasuwa, mata suka yi ta tambayar wanda ya rina. Kafin damina ta faɗi, aiki ya yi masa yawa har ya yashe rami na biyu. Ran nan ya aika Fakku a gaya wa surukansa yana nan tafe ɗaukar iyalinsa.