Uwar Aro

Ni ba mai shiga sabgar mutane ba ce, balle bikin Turawa. Amma yarinyar nan 'yar ƙasar Poland da muke ɗakin bincike ɗaya a jami'a a nan ƙasar waje, tun ranar da na ga tana gaigayar busasshen biskit da rana na tura mata kwanon tuwona, shi ke nan ta liƙe mini. Mama kaza, Mama kaza. In za ta kedai, wato kanti, sai ta yo mini tapau ɗin shayi, wanda ake ƙullowa a leda, ko ban aike ta ba.

Da aurenta ya taso da wani ɗan Sin na unguwar Sri Petaling, ta same ni a gidana na unguwar Pantai Dalam, ta zauna a ƙasa. Uwarta ta rasu, babanta kuma ciwon ƙafa ya hana shi hawa jirgi. Ta ce a garinsu ango da amarya sukan sunkuya a sa musu albarka, kuma in sun iso wurin walima uwa ce ke tarbarsu a bakin ƙofa da burodi da gishiri. Ni take so in tsaya mata.

Na ce, "Ke, ni fa Musulma ce, kuma na ji har da giya ake haɗawa."

Ta ce ruwa za a zuba a kofunan, ko a can ma yanzu wasu haka suke yi. A zamanin kakarta har kitson amarya ake yankewa a ɗora mata hular matan aure, yau kuwa mayafi kawai ake cirewa a jefa wa 'yan mata. Komai ya sassauta, in ji ta, ban da burodin nan. Shi kam sai uwa.

Na ce to. Abin da ban gaya mata ba shi ne, a farkon shekarar aka aurar da 'yata ta fari a Kano, ban je ba. Na fake da karatu. Na ce wa kaina, ko ina can me zan tsinana? 'Yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan". A hannun mahaifiyata ta tashi. Haka aka yi mana, haka muka yi, ana ta yaba mu da kunya. Ana gobe za a kai ta ɗaki ta kira ni tana kuka, na ce, "To, a yi haƙuri, a bi miji." Na ce ta miƙa wa ƙanwata wayar mu yi maganar gara.

Ranar bikin na caɓa ado da leshi, na kafa ɗauri, na tsaya a ƙofar gidan abincin da za a yi walimar, riƙe da faranti. Burodin baƙi ne, mai nauyi kamar bulo, amarya da kanta ta gasa shi, an ƙwaƙule tsakiyarsa an zuba gishiri. Na yi tambayar da ta koya mini: burodi take so, ko gishiri, ko ango? Ta ce duka ukun, angon ya je ya nemo mata sauran biyun. Aka yi dariya. Suka gutsura, suka dangwala, suka ci.

Sai ta sunkuyar da kai. Na ɗora hannu, bakina ya ɓalle da Hausa. Na kira sunanta, na ce Allah Ya ba ta zaman lafiya, Ya sa mijin ya riƙe ta amana, kada ta kwana da yunwa ko da baƙin ciki. Na rungume ta, na sumbaci goshinta, ina hawaye a gaban jama'a. Wallahi ko ɗar ban ji ba.

Ashe wata ɗalibarmu 'yar Kano ta ɗauki bidiyo ta watsa a waya. Ina cikin jirgin ƙasa na LRT bayan la'asar saƙon 'yata ya shigo: "Umma, na ga bikin. Kin yi kyau." Can sai ga wani: "Ashe kin iya."

Da farko raina ne ya ɓaci. Ji mini yarinya, ni za ta gaya wa magana? Kafin tasha ta gaba fushin ya gudu ya bar ni da kunya, ba irin wadda ake yabona da ita ba. Na yi wa 'yar wasu abin da tawa ta roƙa da kuka na hana ta, kuma ba na jin akwai uzurin da zai wanke ni.

Da na sauka na raɓe jikin bango na kira ta. Na riga na shirya, da sunanta zan fara. Ta ɗauka, ta ce, "Umma?"

Sunan ya zo har bakina ya tsaya. Na ce, "Ke, ya gidan?"

Ta ce, "Lafiya lau."