Babi na Tara

Ƙanena bai taɓa karanta littafi ya kai ƙarshensa ba, amma yanzu shi ake tambaya a kan littattafai. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da tarihi, sai dai a gaishe ni a wuce. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Sana'arsa ɗinkin littattafai. Tun da ya bar makaranta yake zaune a wani ɗan ɗaki bayan laburare, daga shi sai allura da zare da gwangwanin gam, da wani tsohon dutsen guga da yake danne bango da shi. Duk littafin da ya yage, wurinsa ake kaiwa. Masu karatu suna ce masa Likita. Ni kuwa Malam ake ce mini, kamar kowa.

Abu ɗaya nake taƙama da shi: zaman ranar Asabar. Mu goma sha biyu muke haɗuwa a laburaren mu tattauna littafi guda, kuma idan na yi magana an gama. Bara aka kawo wani littafi mai farin jini a kan yaƙin kakanninmu da mutanen ƙetaren kogi. Ranar tattauna shi na zo da 'yata, wadda ta fara karatun tarihi a jami'a, don ta ga matsayin ubanta.

Na miƙe na ce marubucin ya yi son kai, ya shafa mana kashin kaji, ya wanke mutanen ƙetare tas, musamman a babi na tara. Wani mai kemis ya ce a'a, mu ya fifita. Wata tsohuwar nas ta ce ita dai taswirorin ne ba su yi mata ba. Ana cikin haka ƙanena ya shigo rungume da littattafan da ya gyara.

"Likita, kai me ka gani?" in ji mai kemis, da zolaya.

"Ni ai ban karanta ba," ya ce. "Amma kwafi huɗu sun zo hannuna. Duk babi na uku ne ya ɓalle, inda muka ci su da yaƙi. Ya yi baƙi ƙirin da hannu, har da tabon shayi. Babi na tara kuwa, inda suka faɗi nasu, injin maɗaba'a bai yanke shafukan daidai ba, a manne suke ta sama. Kwafi huɗu, ba wanda ya raba su."

'Yata ta jawo kwafina da ke kan tebur, ta buɗe babi na tara. Shafukan suka taso tare, a manne. Ta dube ni.

Ƙanena ya miƙa hannu ya karɓe littafin. "Kawo, Yaya, bangon nan ya fara saki. Zan ɗinke maka."

Bangon lafiyarsa ƙalau. Rufa mini asiri ya yi, kuma wallahi da ya tona ni da ya fi mini sauƙi.

Har yanzu ni nake zama a kujerar gaba. Amma da na rufe baki sai idanu su koma ƙofar baya, wani ya ce, "A kira Likita mu ji." 'Yata kuwa idan ta zo hutu, ɗakinsa take fara zuwa. Ina jin ta tana cewa, "Baffa, wannan fa, ina masu karatu suka tsaya?" Shi kuma ya shafa gefen littafin da babban yatsa ya nuna mata.

Rannan a gida ta tambaye ni, "Baba, ka karanta babin nan kuwa?"

Na ce ba ni da lokaci.

Ƙarya na yi. Tun a makon na sa wuƙa na raba shafukan, na karanta har sau biyu. Marubucin bai yi son kai ba, ya faɗi namu ya faɗi nasu. Ban gaya wa kowa ba, don in na faɗa, ƙanena ne zai sake yin gaskiya a gaban 'yata.