Allon Ajin Malama Ladi

Ranar da na sa wa allon makaranta ƙarfen ƙofa ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuke shigowa harkar kayan makaranta yanzu, ku saurara, domin irin wannan ba a rubuta shi a takardar kwangila.

Lokacin an koma mulkin farar hula, kuɗin mai na shigowa, Abuja kuma ko'ina gini ake yi. Ni da na fara da sayar da alli da littattafan rubutu a kan tebur a Karu, sai ga ni da shago da mota, ana kira na oga. A wannan zangon ne aka yanke shawarar cewa baƙin allo ya tsufa, za a sa farin allo mai sheƙi, wanda ake rubutu a kai da wani alƙalamin tawada mai suna maka. Na samu aikin wasu makarantun firamare ta wajen Karshi.

Tsarin aikin ba wuya. Ofishin ilimi zai ba ka takarda mai ɗauke da sunan makaranta da yawan azuzuwa da girman allo. Ka je ka kafa. Bayan mako guda sufeto zai zo ya shiga aji-aji, ya auna, ya sa hannu cewa an yi yadda aka ce. In bai sa hannu ba, sunanka ya fita daga jerin 'yan kwangila, kuma ba a cika dawowa ba. Tsohon allon kuwa siminti ne da aka shafe a bango, don haka ba a cire shi. A kansa ake ɗora sabon a buga ƙusa.

Ni da kafintana Malam Iliya muka gama wata makaranta ranar Litinin. Ran Laraba na koma kai musu ƙarin maka. Ina sauke kwali sai wata malama gajera ta tsaya a gabana, ta ce ita ce Malama Ladi ta aji huɗu.

"Oga, kai ne ka rufe mini allo?"

"Ni ne na sa miki sabo, Malama. Yawanci godiya ake yi."

"Zo ka karɓi godiyar a aji."

Na bi ta. A bencin gaba, can gefen da babu taga, akwai wata yarinya zabiya sanye da hula mai faɗi. Ta kifa kai a kan tebur, idanunta na zubar da ruwa. Sunanta Rahila. Malama ta yi mini bayani a tsaye: idon irin waɗannan yara ba ya jure haske, kuma ba sa gani daga nesa. Shekara biyu ana cewa Rahila daƙiƙiya ce, har ta iso ajinta. Malamar ce ta mayar da ita gaba, ta juya mata baya ga taga, ta nemo mata izinin sa hula a aji da tsayawa a inuwa lokacin taron safe. Duk Juma'a takan fasa tsohon batir ta shafe allon da baƙin cikinsa, don farin alli ya fito sosai, kuma takan yi rubutu manya-manya. Da haka yarinyar ta fara karatu, har ta shiga sahun gaba.

Na zauna kusa da Rahila na dubi allona. Na ce ni dai ina gani sarai.

"Ka fita ka kalli kwanon rufin can da tsakar rana," in ji Malama, "sai ka dawo ka gaya mini me aka rubuta a jiki."

Sannan ta faɗi abin da ya fi damunta. Uban yarinyar maigadi ne a Maitama. Ya zo da safiyar ranar ya ce kwana biyu tana dawowa gida da ciwon kai, in haka za a ci gaba zai cire ta ta zauna wajen uwarta. Makarantar masu larurar gani tana da nisa, ta kwana ce, kuma ya rantse 'yarsa ba makauniya ba ce. Ya ba su zuwa ƙarshen mako mai zuwa.

Na ce ta jira sufeto ya wuce, sai mu cire. Ta ce sufeton yakan dawo ba sanarwa, kuma hedimasta ya riga ya gaya mata duk wanda ya taɓa kayan gwamnati shi zai amsa tambaya. Ni ma na san in aka zo aka tarar da aji ɗaya babu farin allo, sunana ne a takarda.

Na koma shago na gaya wa Malam Iliya. Ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce, "Alhaji, allon nan bai kai nauyin ƙofa ba." Washegari muka je da hinjis uku, irin ƙarfen da ake rataye ƙyaure da shi. Muka zare ƙusoshi, muka rataye allon ta gefe ɗaya. In an tura shi ya rufe baƙin, in an ja ya buɗe ya kwanta a jikin bango. Muka sa masa ɗan sakata. Na ce wa Malama ran da sufeto zai zo ta rufe ta yi shiru.

Sufeton, Malam Bashir, mutum ne mai tsafta da ba ya dariya a bakin aiki. Ya auna aji ɗaya, biyu, uku. A aji huɗu ya miƙa awonsa, sai ya tsaya yana kallon sakatar.

"Alhaji, wannan allo ne ko taga?"

"Allo ne, ranka ya daɗe."

Ya zare sakatar ya ja. Ga baƙin allo, ga darasin safe da manyan haruffa. Na fara shirya bayanin cewa bangon ne ke da danshi, amma Malama Ladi ta riga ni. Ta faɗa masa komai, har da cewa ni na ce ta yi shiru.

Malam Bashir ya tura farin allon ya rufe baƙin. Ya rubuta jimla ɗaya a farin allon da maka, ya ce Rahila ta karanta. Ta runtse ido, ta ce, "Yallaɓai, haske kawai nake gani." Ya buɗe baƙin, ya rubuta wata da alli. Ta karanta tun bai ajiye allin ba, ta kuma gaya masa bai sa aya a ƙarshe ba.

Ya sa ayar. Ya buɗe takardarsa ya karanta ta daga sama har ƙasa.

"An ce a kafa allo a bango," in ji shi. "Ba a ce kada ya motsa ba."

Ya sa hannu. Muna fita ya tambaye ni yara nawa ne irin Rahila a sauran makarantun da na yi wa aiki. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma shekararsa tara yana shiga azuzuwan nan.

Rahila ta ci gaba da zuwa, a wannan makarantar ta gama firamare. Ni kuma na ɗauki Malam Iliya muka zaga sauran wuraren da hinjis a jaka. A makarantu biyu muka tarar malamai sun riga sun ɓalle alluna sun jingine a bayan ƙofa saboda wani yaro, ba su gaya wa kowa ba, suna jiran ranar da za a kama su.

Abin da na koya ke nan. Takarda tana gaya maka faɗin bango, malamin aji ne ya san yaron da ke kallon bangon, kuma da wuya ya faɗa in ba a tambaye shi ba. Tun daga lokacin, ko benci zan sauke, sai na fara shiga aji na tambaya wa ke zama a gaba, kuma me ya sa. Minti biyar yake ci. Ƙusa kuwa in ta shiga siminti, fitar da ita aikin yini guda ne.